Maƙalar neman likitanci a Amurka: jinyar kaka za ta rubuta ko gasar kimiyya?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema musamman wurin waɗanda yaransu suka wuce wannan matakin. Hanifa tana aji 12 yanzu, tana son neman shirin nan na jami'ar Case Western da ke Cleveland wanda ake ɗaukar yaro tun daga sakandare a ajiye masa kujera a makarantar likitanci, shekara 8 gaba ɗaya, PPSP suke ce masa. Toh bayan babbar maƙalar Common App, fom ɗin da ake neman jami'o'i da yawa da shi, mai kalma 650 sai suka ƙaro wasu guda biyu nasu na kansu. Ta farko me yasa kake son aikin kuma me ya nuna ka dace da shi, wannan ba matsala. Ta biyun ce ta haɗa mana rigima a gida, wai ka faɗi wani abu da kake alfahari da shi wanda ba zai fito a sibi (CV) ba, babu lambar yabo a kansa, kuma baka ambace shi ko ina a fom ɗin ba. Yarinya ta zauna ta rubuta jinyar kakarta wato surukata, yadda take raka ta wankin ƙoda tana mata tafinta, har da ranar da likita ya faɗi magana mai nauyi ita kuma ta kasa faɗa wa Hajiya, kakar tata, yadda take sai ta sassauta. Babanta ya karanta yace sam, ciwon mahaifiyarsa ba abin kai wa baƙi bane su zauna suna karantawa, kuma aikin lada ne zata ɓata da riya, ta rubuta gasar kimiyya da ta ci. Ni na rasa bayan wa zan bi kuma 1 ga Disamba suke rufewa

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ma a je maganar asiri, gasar kimiyyar nan ai tana cikin fom ɗin ko? a wajen jerin ayyuka da lambobin yabo. To tambayar da kanta tace kada ya zama abin da ya fito a wani wuri. In ta rubuta gasar bata amsa tambaya ba kenan, kuma mai karantawa abu na farko da zai lura da shi kenan.

Hajiya ta Bronx: Ni dai ina bayan baban yarinya wlh. Mu ba haka aka tarbiyyantar damu ba, yabon kai jahilci ne. Ka yi wa tsohuwa hidima sannan ka je kana tallarsa don a baka makaranta? Yaran nan sun ɗauki ɗabi'ar mutanen ƙasar nan komai sai an faɗa, har abin da ke cikin ɗaki. Ta nemi wani abu daban mana, ba tana koyar da yara a islamiyya ranar Asabar ba

Maman Hanifa: Tana koyarwa Hajiya amma shima ta saka a jerin ayyuka, ga shi shima aikin lada ne ai in dai riyar ce

Malam na Maryland: Bari in ɗan sa baki kan riya tunda an ambace ta. Riya ita ce ka yi aikin tun asali don mutane su gani su yaba. Yarinyar da take tashi ta raka kakarta asibiti tun kafin ta san akwai wata tambaya irin wannan a duniya, niyyarta ta riga ta wuce, kuma ayyuka da niyya suke. Sannan faɗin cancantarka ga wanda zai ba ka amana ba yabon kai bane abin zargi, Annabi Yusuf alaihis salam shi da kansa yace wa sarki a ɗora shi kan taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne masani, aya ta 55 a Suratu Yusuf. Wanda za a damƙa wa rayukan mutane an tambaye shi wane ne shi, ya faɗi gaskiya ba ƙari. Inda baban yake da hujja mai ƙarfi shi ne sirrin mara lafiya, wannan haƙƙin Hajiya ne ba na Hanifa ba ba na ɗanta ba. An tambaye ta kuwa?

Maman Hanifa: Kai Malam wlh ba wanda ya tambaye ta

Anti Dokta: Maman Hanifa sannu da ƙoƙari. Zan ɗan yi tsawo ku yi haƙuri. Ni a gida na yi MBBS na zo nan na sake horo, ba ni cikin masu ɗaukar ɗalibai amma yaran 'yan uwa da yawa sun kawo min rubutunsu na duba kuma ciwon namu iri ɗaya ne. Yaro zai rubuta ina son taimakon mutane, ina son kimiyya tun ina ƙarami, a ƙasarmu babu isassun likitoci, shikenan. Ba ƙarya yayi ba amma yaro dubu ya rubuta irinsa kuma kujerun likitanci a shirin nan 'yan kaɗan ne a shekara, duk masu neman makinsu a sama yake, don haka maki ba shi ke raba su ba. Su mutanen caca suke yi a kan ɗan shekara 17, suna so su ga ko ya taɓa tsayawa kusa da mara lafiya ya ga ɓangaren aikin da ba shi da daɗi kuma bai gudu ba.

Abin da Hanifa ta rubuta na sassauta maganar likita, wannan shi ne zuciyar maƙalar, kada kowa ya sa ta cire shi. Duk likitan da ya karanta ya san matsalar nan. A dokar ƙasar nan asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibinsa ne ya kawo tafinta kyauta ga wanda baya jin turanci, kuma ba a yarda a dogara da ƙaramin yaro ba sai in gaggawa ce, dalilin kenan, yaro ba zai iya kallon kakarsa yace mata ƙodarki ba zata dawo ba. Amma mu mun san yadda abin yake, a kira layin tafinta a ce ana neman mai Hausa a yi ta jira, tsohuwa kuma tace ita jikarta take so ba muryar wani ƙato a waya ba. In ta nuna ta gane cewa sassautawar nan tausayi ne amma ta tauye wa Hajiya haƙƙin sanin halin da take ciki, kuma ta faɗi abin da ta yi daga baya, ta nuna hankalin da wasu ɗaliban likitanci sai a shekara ta uku suke samu.

Amma gargaɗi biyu. Kada maƙalar ta zama tarihin Hajiya, yara suna yawan yin haka, ka karanta ka ƙare kana son kakar amma baka san yarinyar ba, kuma ba kakar za a ɗauka ba. Na biyu babu suna, babu sunan asibiti, babu sakamakon gwaji. Mai son zama likita da ya baza sirrin mara lafiya a takardar neman likitanci ai ya kayar da kansa.

Hajiya ta Bronx: Dokta na ji, amma ko ba suna ai an san kakarta ce, kaka nawa gare ta

Anti Dokta: Mutum nawa zasu karanta Hajiya? 'yan kwamiti ne a ofis, ba Facebook za a saka ba. Mu da muke tura hoton mara lafiya a gadon asibiti cikin guruf muna cewa a saka shi a addu'a, wanne yafi tona asiri

Baban Sadik: 😂 Dokta kin taɓo wurin

Abban Walid: Ni tawa tambayar daban ce kuma ku yafe ni. Yarinyar ce take son likitancin ko mu ne? Domin mu iyayen nan abu uku muka sani, likita lauya injiniya, yaro tun yana firamare ana kiransa dokta a gida, ya kai 17 a ce ya rubuta me yasa yake so alhali bai taɓa zaɓa ba. Ni nawa na bar shi ya bi hanyar kowa, digiri shekara 4, ya zana MCAT, jarabawar shiga makarantar likitanci, sannan ya nema ta AMCAS, shafin da ake neman makarantun likitanci ta cikinsa. Mafi yawan likitocin ƙasar nan ta nan suka bi. Jami'ar Northwestern ma da suke da tsohon shiri irin wannan mai suna sosai sun rufe shi a 2020. Ban ga dalilin ɗaure yaro da wuri ba.

Ummi D2: Kawu Abban Walid ina kwana. Hanyar kowa ɗin ma ba a tsira daga maƙala ba fa, ƙaruwa ma take yi. AMCAS akwai babba mai harafi 5300, mu na haƙori a namu shafin AADSAS 4500, sannan kowace makaranta ta turo maka nata tambayoyin na biyu, in ka nemi makarantu da yawa haka zaka kwana kana rubutu duk bazara ga kuɗin kowanne daban. Kuma shirin haɗen ba ɗauri bane sosai, kujerar da sharaɗi take, sai ka riƙe maki, in ka ga ba ka so kana iya sauka ka ci gaba da digirinka. Amma maganarka ta wa yake so gaskiya ce kuma a rubutu take fitowa, wanda aka tura baya iya kawo misali ko ɗaya, sai manyan kalmomi.

Maman Hanifa: Abban Walid ni da nas naso ta yi ma saboda bashin karatu, ita ce ta nace

Maman Iman: Ummi tunda ga ki, tawa haƙori take so, shima tambayoyin iri ɗaya ne?

Ummi D2: Anti a Case ɗin tambayoyin ɗaya ne ga duka biyu, ka dai faɗi fannin da ka zaɓa. Amma tarkon haƙori daban ne, mai karatu yana neman amsar me yasa haƙori ba likitanci ba, domin sun gaji da waɗanda suka ɗauke shi mafaka in likitanci ya ƙi. In ta rubuta ina son taimakon marasa lafiya kawai to ta rubuta maƙalar likitanci ce ta manna haƙori a sama. Aikinmu na hannu ne, cikin wuri ɗan ƙarami, kana kallo ta madubi. Ni lalle na rubuta, wlh, zanen lallen biki da nake yi tun ina sakandare, yadda hannu baya rawa awa da awanni kuma amarya tana motsi tana waya kina lallaɓa ta, sannan na haɗa da abin da na gani lokacin da na bi wata likitar haƙori a asibitin masu ƙaramin ƙarfi, yara da ruɓaɓɓen haƙori tun kafin su shiga makaranta. Mamata sai da tace lalle kuma? a takardar jami'a? A intabiyu kusan duk wanda na zauna da shi sai ya tambaye ni lallen. Ɗinki, kitso, gyaran waya, duk suna shiga in dai da gaske tana yi. Ku duba University of the Pacific a Kalifoniya ma, makarantar haƙorinsu a San Francisco shekara 3 ce maimakon 4, kuma suna da shirin haɗe daga sakandare.

Maman Iman: Ikon Allah, kitso kam ta iya har kuɗi take samu

Alhaji na Greensboro: Salamu alaikum jama'a. Ni wanga al'amari duk baƙo ne gare ni, mu can Nijar in ka samu bak, jarabawar gama sakandare, da sakamako mai kyau sai ka nemi fannin likita a jami'ar Yamai, ba wanda ka tambaya mi ka ji a ranka. Abin da nike son sani, ɗan ƙanena yana Maraɗi, yaro ne mai ƙoƙari ƙwarai, shi ma yana iya neman irin wanga?

Baban Sadik: Alhaji a nan sai an yi hattara. Da yawa daga shirye shiryen haɗen nan sai ɗan ƙasa ko mai girin kad, tun kafin yaro ya ɓata dare yana rubutu a buɗe shafin makarantar a duba wa aka yarda ya nema. Ko inda suka yarda da ɗan waje, tallafin digirin farko daban, kuɗin shekarun likitanci daban, kuma ɗan waje baya samun bashin gwamnatin tarayya. Mu ma a Najeriya haka ne ai, JAMB da post UTME, maki ne kawai, shi yasa iyaye muke raina maƙalar nan muna ganin kamar cike gurbi ce.

Anti Landan: Ina binku daga Ingila, mu namu ya bambanta kada wani ya kwafi salon can ya kawo nan. A UCAS, shafin neman jami'o'in nan, rubutun harafi 4000 ne duka, yanzu sun raba shi tambaya uku, kuma likitanci da haƙori 15 ga Oktoba ake rufewa, makaranta huɗu kawai zaka zaɓa a likitanci, ga jarabawar UCAT. Nan ba sa son dogon labari mai sa kuka, me ka karanta me ka gani a wurin aiki me ka koya. Labarin kakar Hanifa a nan layi uku zai samu. Masu son lauya kuma wasu jami'o'in jarabawar LNAT suke nema, a ciki ake ba ka minti 40 ka rubuta muhawara a zaune ba mai gyara maka.

Maman Hanifa: Na shiga wurin Hajiya yanzu na karanta mata da Hausa. Tace a rubuta mana ai gaskiya ne, amma a cire inda akace tayi kuka don ita bata yi ba mura ce. Kuma wai ashe ta gane tun ranar, daga fuskar likitan. Saura mai gidan, sai ya dawo aiki

Malam na Maryland: To alhamdulillah, mai haƙƙi ta yi magana. Amma a bi shi a hankali, uwarsa ce, ba lallai asirin ne ke damunsa ba, wataƙila karanta ranar ce ta yi masa nauyi.

Hajiya ta Bronx: Ni har yanzu raina bai kwanta ba amma tunda mai abu ta yarda

Anti Dokta: Wancan da Hajiya tace ta gane daga fuskar likita, a faɗa wa Hanifa, ita ta san ko zai shiga. Amma ita zata saka ba ke ba. Don Allah iyaye ku cire hannu daga rubutun, ana gane muryar ɗan shekara 50 a takardar ɗan 17, musamman turancinmu na wasiƙar neman aiki mai cike da girmamawa. Kuma waɗanda suka tsallake ana kiransu intabiyu, za a ɗauko layi a ce ba mu labarin wannan, in ba nata bane nan take zata daburce.

Baban Sadik: Haka ChatGPT. Yaran suna ganin wayo ne amma Common App sun saka shi cikin abin da suke ɗauka magudi in shi ya rubuta maka ainihin abin, kuma ana sa hannu cewa aikinka ne. Balle ma me ya sani game da ɗakin wankin ƙoda da tsohuwa Bahaushiya a ciki.

Abban Walid: Akwai wani abu da nake ji ana faɗa, wai tun hukuncin kotun ƙoli ba a son yaro ya ambaci cewa shi baƙi ne ko ɗan Afirka, kada wannan ya cutar da ita tunda maganar Hausa da tafinta ce

Barista: Ba haka hukuncin yace ba yallaɓai. Na watan Yuni 2023 ne, shari'ar Harvard da jami'ar North Carolina, ya hana a ba mutum fifiko saboda launin fata kawai, amma alƙalin alƙalai Roberts ya rubuta a ciki cewa ba a hana jami'a duba bayanin ɗalibi kan yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa ba, in dai an danganta shi da halinsa ko abin da shi ɗin zai iya. Labarin Hanifa abin da ta aikata ne da harsuna biyu, ba akwatin da ta cika ba. Abin da bana so shi ne yaron da aka haifa a Columbus bai fi hutu biyu a gida ba ya zo yana rubuta ƙauye da yunwa da jaki don a tausaya masa, wannan ƙarya ce kuma zubar mana da mutunci ne.

Tunda na shigo bari in faɗi na lauya don wasu sun min magana ta gefe. A ƙasar nan ba a karanta lauya a digirin farko kamar gida da ake LLB shekara 5 a wuce Law School. Sai ka gama digiri a kowane fanni, ka zana jarabawar LSAT mai maki 120 zuwa 180, sannan digirin lauya na JD shekara 3. Shirin haɗen da aka fi sani shi ne 3+3, shekarar farko ta lauya ita ce ta ƙarshen digirinka, ka rage shekara guda da kuɗinta, wasu tun daga sakandare ake nema wasu sai kana cikin jami'ar. Shi kansa PPSP a shekarun baya har lauya yana ciki, don haka kada a dogara da abin da yayan wani ya cike, a duba na bana. A maƙalar lauya rubutun kansa shi ne jarabawar, aikin namu karatu da rubutu ne ba ihu a kotu ba. Duk yaron da ya fara da mamana tace na iya gardama ya riga ya faɗi. Wanda ya zauna ya karanta wa babansa takardar haya ko wasiƙar ofishin shige da fice ya gano inda aka so a cuce su, wannan yana da abin faɗa, kuma yaranmu da yawa sun yi hakan basu ɗauke shi komai ba.

Maman Iman: Barista wlh kamar ka san gidanmu, duk wasiƙar da ta zo Iman ce ke karantawa

Baban Sadik: Maman Hanifa in zata nemi jami'ar Brown ma, shirin haɗensu na likitanci, PLME, shima shekara 8 ne ba a neman MCAT kuma suna da nasu tambayoyin daban, ku lura da abu ɗaya. In ta nema ta hanyar alƙawarin farko na 1 ga Nuwamba, suna iya ɗaukarta jami'ar su hana ta PLME ɗin kuma alƙawarin yana kanta sai ta je. Sannan kada ta kwafi amsar Case ta liƙa, Brown tsarinsu na barin ɗalibi ya zaɓi darussansa ne, suna so su ji me zata karanta da 'yancin in an cire mata tsoron MCAT. Kuma ta duba sunan makaranta kafin ta tura, ana yin wannan kuskuren fiye da yadda kike zato.

Maman Hanifa: Brown kam sai ta Janairu in Allah ya kai mu, ba zamu ɗaure kanmu ba bamu ga kuɗi ba. UMKC fa, jami'ar nan ta Missouri, naji wai shirinsu shekara 6?

Ummi D2: Eh Anti 6 ne, a Kansas City, amma kusan ba hutun bazara, karatu ne ba tsayawa. Ki tambayi Hanifa ko zata iya kafin ki ji daɗin rage shekara biyun.

Admin: Jama'a masu turo tallan atamfa a tsakiyar maganar nan na goge, a kai ɗaya guruf ɗin. Anti Dokta da Ummi da Barista in kun yarda mu haɗa Zoom da yaran kansu ranar Lahadi bayan la'asar agogon New York, banda iyaye.

Hajiya ta Bronx: Banda iyaye kuma? to mu zauna a gefe mana ba zamu yi magana ba

Anti Dokta: A'a Hajiya, kuna gefe ba wanda zai buɗe baki. Admin a saka ƙarfe 5, ina da aiki da safe, kuma kowa ya zo da abin da ya rubuta ko da bai gama ba.